SANYIN TSAUNIN MAMBILA DA YADDA YA TARA JAMA'A A GEMBU DA NGUROJE

Duk wanda ya yi shekara guda a nan Sangere ba sai an karanta masa lissafin shekarar ƙasar Yola ba, jikinsa ya riga ya haddace. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, da ƙura da kaushi da faso. Maris da Afrilu kuwa sai dai haƙuri, ana kwana a tsakar gida, ana yayyafa wa tabarma ruwa, rana tana kai digiri 40 ko ta wuce. Ran 3 ga Afrilu 2010 ma'aunin zafi ya nuna digiri 46.4 a Yola, wanda ake lissafa shi a matsayin zafi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Nijeriya. To, amma a cikin wannan tsohon lardin namu akwai garuruwan da a wannan watan na Afrilu mutum ba ya kwana sai da bargo, kuma 'yan'uwanmu Hausawa suna zaune a cikinsu tun zamanin Turawa. Ina nufin Gembu da Nguroje da Maisamari, a bisa Tsaunin Mambila.

Matasanmu da aka haifa bayan 1991 sun tashi sun ji ana cewa Mambila ƙasar Taraba ce, kuma haka ne. Amma dattawa sun san lokacin da malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko malamin dabbobi, zai karɓi takardar canjin wurin aiki a nan Yola, ya duba ya ga an rubuta Gembu, abokan aiki su taru suna yi masa jaje suna dariya, wani ya ce ya biya kasuwar Jimeta ya sayi bargo biyu kafin ya tashi. Wasu sun tafi suna ƙunƙuni, suka yi shekara biyu suka dawo. Wasu kuwa har yau ba su dawo ba. Sun yi aure, sun yi gonaki, jikokinsu in sun zo mana ziyara da bazara sai ka gan su sun yi laushi kamar ganyen da aka sa a ruwan zafi. Saboda haka labarin sanyin nan labarin gida ne.

Mai tafiya daga nan zai bi Numan, ya wuce Jalingo, ya kai Bali, sa'an nan Serti. Duk wannan doguwar tafiya a ƙasa ake yinta, cikin zafi irin namu. Sai an wuce Mayo Selbe hanya take fara hawa, tana naɗe dutse kamar rawani, mota tana nishi, fasinja sun yi tsit. Ba a jima ba sai ka ji kunnuwanka sun toshe, ka ga mutane suna rufe gilashi suna laluben riguna a jaka. In ka sauka a Maisamari za ka ga tuddai jere da juna iyakar ganinka, lulluɓe da ciyawa, shanu warwatse a kansu. Garin Yola bai fi mita 200 bisa teku ba. Yawancin Tsaunin Mambila kuwa yana wajen mita 1,600, Nguroje ta ɗara haka, tana kusan 1,800. Can arewa maso gabas da tsaunin, a kan iyakar Kamaru, akwai Cabbal Wadi da ake kira Gangirwal, mai mita 2,419, wanda babu wuri mai tsayinsa a duk faɗin Nijeriya.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne Gembu ta fi Yola kusa da tsakiyar duniya, inda aka ce rana ta fi ƙarfi, kuma wanda ke bisa dutse ai shi ya fi kusa da ranar. To me ya kawo sanyi? Amsar ita ce rana ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ita ke ɗumama iskar da ke kanta. Iskar da ta yi sama, nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Masana sun auna sun ga a kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Yi lissafi da kanka. Tsakanin Yola da Gembu akwai hawan kusan mita 1,400, ka ga digiri 9 ya tafi ke nan tun ba a sa girgije da ruwan sama a lissafi ba. Dalilin da ya sa Jos da Ngaundare suka fi mu sanyi ke nan, sai dai Mambila ta fi su tsayi duka. Rashin nauyin iskar nan har a tukunya ana ganinsa, don ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 95 maimakon 100. Amaryar da aka kai daga Jimeta za ta ɗora wake ta ga ya ƙi nuna a lokacin da ta saba, ta yi ta zargin itace ko mai sayar da waken, alhali tsauni ne.

Hausa ta raba ɗari da sanyi, ko da yake bakinmu na yau yana cakuɗa su. Ɗari shi ne busasshe, na hunturu, mai fasa leɓe da dunduniya. Sanyi kuwa shi ne mai laima, na ruwa, mai shiga ƙashi. Mu a ƙasar Yola ɗari kaɗai muka sani, shi ma na 'yan makonni ne, kuma na asuba ne, da hantsi ya yi sai kowa ya tuɓe rigar sanyi. Mutumin Mambila yana shan duka biyun, kowanne da watanninsa, kuma wanda bai gane wannan ba ba zai gane tarihin wurin ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rani ne a can, kamar a nan. Sama takan yi garau, in ban da ƙurar hunturu da ke isowa. Da dare ya yi, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere sama, babu girgijen da zai tare shi, kafin asuba ma'auni ya sauko kusan digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Baƙo zai zaci kan tudu ya fi sanyi, ya nemi mafaka a kwari. Ina! Iska mai sanyi ta fi nauyi, cikin dare takan gangara ta taru a kwaruruka kamar ruwa a kwano, shi ya sa da asuba bakin rafi ya fi kan tudu cizo. Amma da rana ta ɗaga sai ta yi ƙarfi, tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa. Tazarar da ke tsakanin asuba da azahar a rana ɗaya ta rani ta fi tazarar da ke tsakanin watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi a duk shekara. Mutum yakan fita da riga uku, ya dawo da biyu a kafaɗa.

Fabrairu da Maris su ne abin da za a kira bazararsu, amma ba kasafai zafi yake kai digiri 30 ba. Kafin Maris ya fita ruwa ya fara sauka, wani lokaci da ƙanƙara, mu kuwa a nan da sauran wata guda ko biyu muna kallon gabas. Daga nan damina ta zauna ke nan har Oktoba, ko ta taɓa Nuwamba, wata bakwai zuwa takwas. Iskar damina tana tasowa daga teku ɗauke da laima, in ta ci karo da tsauni dole ta hau, in ta hau ta huce, in ta huce ta sauke kayanta. Ruwan da ke sauka a Mambila a shekara yana kai milimita 1,800 ko fiye, wato kusan ninki biyu na namu. A Yuli da Agusta da Satumba, lokacin marka, girgije yakan sauko har ƙasa ya shiga kasuwa, direba ya kunna fitila da tsakar rana, a yi kwanaki ba a ga rana ba, zafin azahar ya tsaya a digiri 20 da 'yan kai. Wannan shi ne sanyi na ainihi. Daren damina bai kai daren Disamba cizo ba, don girgije ya zama bargo, amma yinin ne ba ya ɗumi, tufafi ba sa bushewa, tabarma tana yin fumfuna. Shi ya sa in ka tambayi mutanen Gembu wane wata ya fi sanyi za ka ji baki biyu. Direba da mahauci, masu fita da asuba, za su ce Janairu. Mai wanki da mai talla za su ce Agusta. Kowannensu gaskiya ya faɗa.

To, bari mu koma baya. Masu ƙasa na asali su ne Mambilawa, tare da maƙwabtansu irin su Kaka da Kambu da Panso, kuma sun daɗe da yin shiri da wannan yanayi tun kafin wani Bahaushe ya taka wurin. Ɗakunansu masu kaurin jinka ne, wuta a tsakiya, amfanin gona a rataye ko a jibge bisa wutar, hayaƙi yana busar da shi yana kashe ƙwari, tun da ba ranar da za a dogara da ita a shanya. Suna noma gefen tudu da cikin kwari, kuma suna da wata dabara ta shuka majimfa a gonar da aka bari ta huta, don ta mayar wa ƙasa ƙarfinta. A riƙe maganar kwari da majimfar nan, za mu dawo kanta.

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809, ya kuma kafa Yola a 1841, mulkin Fombina ya miƙa kudu har Ngaundare da Tibati da Banyo da Gashaka. Sunan unguwar nan tamu ma na wancan zamanin ne, don sangere da Fulatanci sansanin yaƙi ke nan. Daga Banyo da Gashaka ne mahaya suka riƙa kai hari garuruwan Mambilawa a ƙarshen ƙarni na 19, suna kama bayi. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma zuriyar waɗanda aka yi wa ba su manta ba, ya kamata duk baƙon da ke zaune a ƙasarsu ya san da haka. A bayan mahaya sai fatake. Hausawa sun bi hanyoyin kudancin Fombina suna neman hauren giwa, suna kuma sayen goron da ake samu a tsaunukan Banso da Bamenda, su bi da shi ta Banyo zuwa Yola da arewa. Har yau ana yi wa garin Bamenda laƙabi da Abakwa, sunan unguwar da Hausawa suka kafa a can. Amma falke da rani yake tafiya, lokacin da rafuka suka janye, hanya ta bushe. A ganina shi ya sa kakanninmu na farko ɗarin tsauni kawai suka sani. Sanyin marka sai waɗanda suka zo daga baya suka yi damina a can.

Turawa suka zo suka yi rabon da kowa ya sani. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar garin Yola a hannun Ingila, ta ba Jamus mafi yawan ƙasar Fombina. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamusawa suka ci Banyo a 1902, Mambila ta faɗa cikin Kamarun Jamus. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gwabza a kan dutsen Banyo cikin Nuwamba 1915, zuwa 1916 an fitar da Jamus daga Kamaru baki ɗaya. Sai aka yanki wani siririn yanki a gefen yamma aka ba Ingila riƙon amana, ita kuma ta haɗa wannan ɓangaren da Lardin Adamawa, wanda aka kafa a 1926. Tun daga nan al'amuran Mambila, haraji da shari'a da naɗin hakimai, suka riƙa biyowa ta Yola.

A wannan zamanin ne sanyi ya zama dukiya. Kowane makiyayi ya san ƙudan tsando da cutar sammore da yake sa wa shanu. Dazuzzukan da ke gindin tsauni, wajen Gashaka da kwarin kogin Donga, gidansa ne. Amma tsando yana son inuwar kurmi da ɗumi, ba ya iya zama a buɗaɗɗen tudu mai sanyi. Ga kuma ciyawa kore shar wata takwas a shekara, ga rafi a kowane kwari. Da hare-hare suka tsaya, hanya ta yi lafiya, sai Fulani makiyaya suka fara hawa da garkunansu, kaɗan-kaɗan daga shekarun 1920, kafin shekarun 1950 sun yi yawa ƙwarai. En'e ba ta ƙi ba, don kowace saniya da ta hau tsauni jangali ce ta ƙaru a baitulmali. Abin nema ya samu, wai matar falke ta haifi jaki.

Inda shanu suka je kuwa, ba sai an aika wa Bahaushe goron gayyata ba. Mahauta suka hau, dillalai suka hau, masu gishiri da kanwa suka bi su, don shanun tsauni ba sa rabuwa da lasa. Sai teloli da wanzamai da dukawa da masu shayi da malaman allo. Nguroje ta zama babbar kasuwar shanu, Gembu ta zama mazaunin hukuma, aka yi unguwannin Hausawa a Maisamari da Mayo Ndaga da sauransu. Yawancinsu da ƙafa suka hau, kaya a kai ko a bayan jaki, tun kafin a fasa hanyar da Land Rover za ta iya bi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihi shi ne yawan abubuwan da mutanenmu suka ajiye a gindin dutse. Gero, wanda Bahaushe yake ji kamar ba rayuwa sai da shi, bai yi ba, don yana son zafi da gajeriyar damina, sai dai a hau da shi a buhu in ana son fura. Aka koma tuwon masara, aka koyi cin gwaza da dankalin Turawa da ayaba da fiya. Ginin soro mai shimfiɗaɗɗen rufi, irin na Kano da Zariya, ba ya jure ruwan wata takwas, aka koma jinka, daga baya kwano. Mai kilishi ya gane sana'arsa ta rani ce kawai, da damina sai tsire da balangu. Shanya ta gagara, matan Hausawa suka koyi busar da masara bisa murhu daga maƙwabtansu Mambilawa. Ko kwalliya ta canza: za ka ga dattijo da babbar riga, a ƙarƙashinta suwaita, a ƙafa safa da takalmin roba na ruwa, a wuya mayafi. Cinikin gwanjo na kayan sanyi ya zama sana'a mai ci. A wani gefen kuma an samu sauƙi. Nono yana kwana bai yi tsami da wuri ba, man shanu yana zama a daskare ba sai an nemi firji ba, nama ba ya saurin lalacewa, sauro bai kai na bakin Binuwai ba. Akwai kuma darasi ɗaya mai tsada da duk mutanen ƙasashen sanyi suka sani, wanda har yau baƙo daga ƙasar zafi yake bukatar a faɗa masa: kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci ta tafi da shi. In za a ji ɗumi da gawayi, a bar kafa, kuma a fitar da kasko kafin a kwanta.

Da 'yancin kai ya matso, sai aka tambayi mutanen yankin amana ina suke so. A ƙuri'ar Nuwamba 1959 suka ce a dakata tukuna. A ta Fabrairu 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, don girmama Sa Ahmadu Bello wanda ya yi tsaye a kan maganar, kuma sunan ne ƙaramar hukumar da ke da hedkwata a Gembu take ɗauke da shi har yau. Da ƙuri'ar nan ta juya, da yanzu sai da fasfo za mu kai ziyara Nguroje. A 1967 aka shiga Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 aka yi Gongola da hedkwata a Yola, wato zamanin takardun canjin aikin da na ambata. Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Babangida ta raba Gongola, Mambila ta tafi Taraba. A shekarar ce kuma aka kafa gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda ɓangarensa na arewa yake cikin Adamawa ta wajen Toungo.

Gwamnati ma ta so ta ci moriyar sanyin. Ganyen shayi yana son wuri mai sanyi da ruwa kusan duk shekara, irin tsaunukan Kenya da Indiya, kuma a Nijeriya Mambila ce ta cika wannan sharaɗi. A shekarun 1970 aka fara aikin gonar shayi a Kakara, wadda daga ita ake samun ganyen Highland Tea, ga kuma tashar binciken shayi da kofi a Kusuku. Mu da muke shan shayi safe da yamma a teburan Jimeta, da yawanmu ba mu san ana nomansa a tsohuwar jiharmu ba. Aka kuma dasa itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, ko'ina a tsaunin, don mutanen da ke jin ɗumi wata goma sha biyu suna cin itace ba kaɗan ba, ga bukatar katako. Yanzu shi ne ya kewaye garuruwa, har manoma suna kukan yana shanye ruwan rafuka. Kurmin asali kuwa saura tsiraru a lungunan duwatsu, kamar Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka killace tun 1969.

Yanzu mu dawo kan maganar kwari. Da damina ba a cika samun matsala ba, shanu suna bisa tudu inda ciyawa ta wadata. Amma daga Disamba ciyawar tudu ta bushe, an sa mata wuta, ba sauran danshi sai a kwaruruka. Wasu makiyaya sukan sauka da garkunansu gindin tsauni, su yi kasadar tsando na 'yan watanni. Waɗanda suka tsaya kuwa dole su nufi kwari, kuma kwarin nan shi ne inda manomi yake da amfaninsa na rani, gefensa kuma gonar da ya bari da majimfa, wadda a idon mai kiwo fili ce ba kowa, a idon mai ita kuwa gona ce tana hutawa. Mutane suka ƙaru, shanu suka ƙaru, masu hali suka sa waya suka killace manyan filaye, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. An yi mummunan rikici a Janairu 2002, har dubban mutane suka tsallaka Kamaru gudun hijira, aka sake yin wani a Yuni 2017, rayuka da dukiya masu yawa suka salwanta. Masu cewa faɗan ƙabila ne kawai, a ganina sun taƙaita. Akwai tsohon miki, akwai siyasa, amma a ƙarƙashinsu akwai lissafin watanni: wa zai yi amfani da kwari daga Disamba zuwa Maris. Bahaushen tsauni, mai shago da mahauci da dillali, yana tsakiya, da manomi yake ciniki da makiyayi, ranar da aka rufe kasuwa kuwa shi ne farkon wanda tukunyarsa za ta huce. Don haka in shugabannin al'ummarmu na can suka samu kujera a zaman sulhu, maganar burtali da mashaya da ranar sakin shanu ita ce ta fi cancanta su riƙe.

Akwai kuma abin da ke tafe a hankali. Masana sun tabbatar duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1 tun daga ƙarshen ƙarni na 19. A Yola digiri ɗaya bisa 40 ƙarin wahala ne kawai. A tsauni kuwa lissafin daban ne. In mita 1,000 tana rage digiri 6 da rabi, to ƙarin digiri ɗaya daidai yake da a ce an sauke tsaunin ƙasa da mita 150. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta iya girma sosai a cikin sauro in zafi ya gaza digiri 18, kuma wannan ne katangar da ta daɗe tana kare mazauna tsaunuka. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tsaunukan Habasha da Kolombiya ya nuna cewa a shekarun da suka fi ɗumi zazzaɓin yana hawa zuwa garuruwan da a dā bai cika kaiwa ba, kuma mutanen irin waɗannan garuruwa jikinsu bai saba da shi ba, yana kayar da babba kamar yadda yake kayar da yaro. Iyalanmu na can da ke ganin gidan sauro kayan mutanen Jimeta ne, lokaci ya yi da za a sa shi cikin tsarabar da ake aika musu. Haka shayin Kakara, haka lafiyar shanun Nguroje, duk a kan 'yan digirin nan suke tsaye. Mayo Selbe tana gindi, Maisamari tana sama, iyakar tsando tana wani wuri a tsakaninsu, kuma makiyayan da ke sauka da shanu kowane rani su koma da farkon ruwa su ne za su fara sanin ko ta matsa.